Mas'alar Gyaran Ganuwa da Kushewar Mazan Jiya a Ƙasar Kura

Tun daga shekarar 1974, sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka saki ruwanta ya biyo babbar magudana ya sauko Kadawa da Bunkure da Garun Malam da Kura, kamannin wannan ƙasa suka sauya, har wanda ya bar ta yana yaro, in ya komo da furfura, da ƙyar zai gane gonar mahaifinsa. Filin da a da yake bushewa ƙayau da zarar an gama kaka, yanzu sai ka same shi kore shar da alkama da tumatir da albasa a tsakiyar hunturu, da damina kuma shinkafa iyakar ganinka. Wannan ni'ima ce babba, wanda duk ya raina ta bai gode wa Allah ba. Amma ƙasa in ta yi daraja, kowane taku nata sai ya sami mai so. Saboda haka tudun tsohuwar ganuwa, da ramin da magabata suka haƙa a bayanta, da gefen tsohuwar maƙabartar da aka daina binnewa a cikinta, waɗanda a da ba mai waiwayarsu sai akuya da yara masu farautar gafiya, duk sun shiga idon manomi da mai neman ƙasar gini da mai yanka filaye.

Daga nan mas'alar da nake so in tattauna ta taso: shin ya halatta ga jama'ar Musulmi su tsare wurin da aka yi yaƙi aka mutu, su kashe dukiya da ƙarfi wajen gyara shi, domin a riƙa tunawa da waɗanda suka faɗi a wurin? In ka kawo maganar a zaure, amsa iri biyu za ka ji. Wani zai ce, “Ai ƙasa ce kawai, wanda ya tafi ya riga ya tafi, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.” Wani kuma, wanda ya fi shi karatu, zai ce, “Wannan bidi'a ce, koyi ne da Nasara.” Na farkon maslahar cikinsa yake dubawa, amsarsa ba ta da wuya. Na biyun kuwa tsoron Allah ne ya sa shi magana, don haka ya cancanci a zauna da shi a buɗe littattafai.

Kafin hukunci, sai a san abin da ake hukunci a kansa. Ƙasar da ke kudu da birnin Kano ta sha jini ba sau ɗaya ba. A Burumburum aka kashe Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wajen 1807, bayan jama'ar Shehu Usmanu sun fitar da shi daga birni. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, harin Ningawa ya sa mutanen kudu barci da ido ɗaya, garuruwa suka ƙara tsawon ganuwarsu, manomi yana noma kwarinsa na rataye a kafaɗa. Daga 1893 zuwa 1895 aka yi basasar Tukurawa da Yusufawa, wadda ta raba gari da gari, ta raba wa da ƙane. Sa'an nan sai babbar, wadda ta rufe wancan zamani duka. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Molan na Turawan Ingila ya taso daga Zariya da soja sama da 700, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu, ya nufo Kano, alhali Sarkin Kano Alu yana can wajen Sakkwato. Ran 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, maƙwabciyarmu, garin da ke kan tsohuwar hanyar fatake, aka ce a buɗe ƙofa, mutanen gari suka ƙi. Sai aka saita igwa aka harba wa ƙofar, ta tarwatse, sarkin garin da wasu daga cikin manyansa suka mutu a nan take. Kwana biyu bayan haka Kano ta faɗi. Sarkin Shanu ya tsaya a Gidan Rumfa har aka kashe shi, Turawa kuma a rahotonsu suka ƙiyasta cewa Kanawa kamar 300 suka mutu ran nan. Kafin watan ya ƙare Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi.

Ina roƙon mai karatu ya ɗan tsaya a ƙofar Bebeji. Mutanen nan da suka ƙi buɗewa ba su jahilci abin da ya sami Bida da Kwantagora da Yola ba, labarin igwa ya riga igwa isowa. Sun san katangar ƙasa da ƙyauren itace ba za su tare ta ba. Duk da haka suka ga cewa amanar da aka ba su ta gari ba abar miƙawa ba ce don kawai wanda ya zo ya fi ƙarfi. Ko mutum ya ga hikima a cikin wannan tsayuwa ko bai gani ba, ba zai musa cewa a hanyar Zariya zuwa Kano a nan aka fara cewa a'a ba. Yaro nawa ne a makarantun Kura da Bunkure, waɗanda suke iya jera maka sunayen gwamnonin Turawa don jarrabawa, suka san cewa haka ta faru a garin da iyayensu suke zuwa cin kasuwa?

Turawan Ingila suna da tasu al'ada a wannan babi, ya kamata a bayyana ta yadda take. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ƙare ran 11 ga Nuwamba 1918, da yake gwamnatinsu ta hana a komo da gawawwakin soja gida, sai kusan kowane ƙauye ya tara kuɗi ya kafa ginshiƙin dutse a dandali ko a harabar coci, aka sassaƙa sunayen 'ya'yan ƙauyen da ba su komo ba, domin uwar da ba ta da kabarin da za ta ziyarta ta sami wurin tsayawa. An ƙiyasta irin waɗannan alamomi sun kai 100,000 a ƙasar. A 1923 majalisarsu ta yi doka ta ba ƙananan hukumomi ikon kashe kuɗin jama'a wajen gyara su, har yau kuma akwai masu aikin wanke dutsen da sake fito da haruffan da ruwan sama ya cinye. Mu ma an gadar mana da wani yanki na wannan al'ada, ga shi kowace shekara ran 15 ga Janairu, ranar da aka ƙare yaƙin basasar Nijeriya a 1970, manya suna ajiye furanni a gaban mutum-mutumin soja, a saki tattabaru. Talakan Kura yana jin labarin a rediyo yana ban ruwa a kwaminsa, abin bai taɓa shiga zuciyarsa ba, ni kuwa ban ga laifinsa ba, gama ba da harshensa aka yi maganar ba.

To, hujjar mai hani tana da ƙarfi, ba kuwa zan rage mata komai ba. Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu sunayen salihan bayi ne, waɗanda bayan mutuwarsu aka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa kawai, ba a bauta musu ba sai da waɗanda suka kafa suka shuɗe, ilmi ya gushe. A cikin Suratus Shu'ara'i, Annabi Hudu ya zargi Adawa da gina alama a kan kowane tudu don wasa da alfahari. Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Aliyu ya aiki Abul Hayyaji da irin aiken da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa, wato ya shafe siffofi ya kuma daidaita kaburburan da aka ɗaukaka. Ya ruwaito kuma daga Jabiru hanin shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kansa. An ce da Sayyidina Umaru ya ji mutane suna zuwa salla a gindin itaciyar da aka yi mubaya'ar Ridwanu, sai ya sa aka sare ta. Mu Kanawa ma ba sai mun je nesa neman misali ba, gama Tarihin Kano ya ba da labarin Dirki, wanda asalinsa Alƙur'ani ne aka naɗe da fata, aka yi ta ƙara masa fata a kan fata, har ya zama abin da ake yanka wa shanu in gari ya shiga tsanani. In Littafin Allah da kansa jahilci ya iya mai da shi tsafi, ina ga tudun ƙasa? Saboda irin wannan ne Shehu Usmanu, a cikin Ihya'us Sunna, ya yi gargaɗi a kan bidi'o'in da mutane suke yi a kaburbura. Wanda ya tsaya a kan toshe kafar ɓarna, a kan turbar malamai ya tsaya.

Sai dai fa malaman nan da suka hana, ba su bar mu da hani tsagwaronsa ba, sun rarrabe. Mu mutanen mazhabar Maliku ne, Muhtasar na Halilu kuma yana hannun kowane malamin zaure da ya yi nisa. A babin jana'iza ya jera hukunci hawa uku: yaɓe kabari da shafa masa fari da yin gini a kansa makaruhi ne, in an yi don alfahari ya zama haramun, amma ya halatta a sa abin da za a gane kabarin da shi, kamar dutse ko itace, ba tare da zane ba. Asalin wannan kuwa aikin Manzon Allah ne da kansa, gama Abu Dawuda ya ruwaito cewa da aka binne Usmanu ɗan Maz'unu a Baƙi'a, sai ya ɗauko dutse da hannunsa mai albarka ya ajiye wajen kansa, domin ya riƙa gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma binne iyalinsa kusa da shi. Halilu ya ƙara wata magana wadda ta fi shafarmu a yau, cewa kabari hubusi ne a kan mai shi, ba a tafiya a kansa, ba a tone shi muddin akwai saura nasa a ciki. Ashe ke nan shari'ar da ta hana a ɗaga kabari sama, ita ce ta hana a bi ta kansa da garma. Abin mamaki, mun riƙe rabin farko da ƙarfi, har muna faɗa da juna a kansa, rabi na biyu kuwa sai mu kau da kai in damina ta yi kyau, buhun shinkafa ya yi kuɗi.

Babu wurin da ya fi Uhudu bayyana wannan al'amari. A shekara ta uku bayan Hijira Musulmi kamar 70 suka yi shahada a gindin dutsen, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Wasu dangi suka fara ɗaukar nasu zuwa Madina, sai aka yi umarni a mai da su a binne su inda suka faɗi. Aka riƙa sa mutum biyu a kabari ɗaya, ana gabatar da wanda ya fi haddar Alƙur'ani. Manzon Allah bai gina musu ƙubba ba, bai kuma manta da su ba. Buhari ya ruwaito cewa bayan shekara takwas, kusa da wafatinsa, ya fita ya yi musu addu'a irin ta mai ban kwana. Sa'an nan ga abin da ya kamata kowane manomin rani ya ji. Imamu Maliku ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa ambaliya ta zo ta buɗe kabarin Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru, shekara 46 bayan yaƙin, sai mutanen Madina suka tone su suka mayar da su wani wuri. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa a zamanin Mu'awiya, da aka so a jawo ruwa ta wajen Uhudu, sai aka yi shela a gari cewa duk mai mamaci a wurin ya fito, aka ɗauke su da mutunci kafin ruwa ya bi. Duba fa, shekara arba'in da wani abu sun wuce, amma an san wane ne a wane kabari, an san 'ya'yansa, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ba a hana ruwa wucewa ba, gama rayayyu suna bukatarsa, ba a kuma bar shi ya ci matattu ba. Da a ce Sahabbai sun ɗauki mantuwa a kan ita ce tauhidi, da ba a sami wanda zai amsa wannan shela ba.

A nan ƙasarmu, lokacin da aka zo shimfiɗa aikin noman rani, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta kamar 22,000, an karɓi gonaki an baje su da katafila, an ja magudanai, an sake raba wa masu su, a Tiga kuma an ta da ƙauyuka domin tafki ya zauna. Abin da ya wuce a wancan lokaci ya wuce. Amma ruwa bai daina aikinsa ba: inda duk aka daɗe ana ban ruwa, damshi yakan taso daga ƙasa, ya jiƙa gindin katanga, kanwa ta fito ta riƙa cin ta daga tushe, kabarin da ke kwari kuma ya rufta. Wannan ita ce ambaliyarmu, sai dai ita a hankali take zuwa, ba ta da ƙara, shi ya sa ba mai yin shela.

Akwai kuma wata hanyar tunawa wadda Musulmi suka riga kowa ƙwarewa a kanta, ita ce kiyaye suna. Wanda ya karanta Sirar Ibnu Hishamu ya san yadda aka jera shahidan Badar da na Uhudu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da ƙabilarsa. Malaman jihadi sun bi wannan sawu: Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambaci abokansa da suka faɗi a cikin Tazyinul Waraƙati, Muhammadu Bello ya rubuta labarin Tsuntsuwa inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kamar 200, a Kano kuma Alƙali Muhammadu Zangi ya tattara labarin jihadin ƙasar nan a Taƙyidul Ahbari. Saboda haka ne raina yake ɓaci in na tuna abin da hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Ingila ta fallasa a kan kanta a 2021, cewa aƙalla mutum 116,000, watakila har 350,000, galibinsu 'yan Afirka, waɗanda suka mutu a hidimar Ingila a Yaƙin Farko, ba a rubuta sunayensu ba, wasu ma ba a yi musu alamar komai ba. A cikin takardun da aka tono har da maganar Gwamna Guggisberg na ƙasar da yau ake kira Gana, wanda a 1923 ya ce talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. Sun ga ba mu gina kabari, sai suka ɗauka ba mu damu da wanda ke ciki ba, suka sami hanyar rage kashe kuɗi. Abin da nake tsoro shi ne kada mu da hannunmu mu gaskata su.

Yanzu sai mas'alar da ta fi duka wuya, wadda nake zaton ita ce ainihin abin da ya sa mutanenmu suke gudun maganar. In an ce a tuna, wa za a tuna? Sojan da suka saita igwa a ƙofar Bebeji, in ka ɗebe hafsoshinsu Turawa, baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausa suke ji, da Hausa ma ake ba su oda. Shekara arba'in bayan haka, jikokin waɗanda suka tsare ganuwa da jikokin waɗanda suka fasa ta suka sa kaki iri ɗaya, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma, cikin runduna ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan, suka ci garin Myohaung a Janairu 1945. Wasu sun tafi da son ransu, wasu dagaci ne ya nuna su da yatsa don a cika adadin da aka yanka wa hakimi. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu suna cikin kusan 27,000 da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan, arewa da Rangun, inda ba wata tsohuwa daga Kura da ta taɓa zuwa. Sunayen wuraren da suka mutu an sa wa barikoki, ga barikin Arakan da na Myohaung a Ikko, amma sunayen mutanen kansu ba su komo gida ba. Sa'an nan ga na basasar 1967 zuwa 1970, ga 'ya'yanmu da ake binnewa a Maiduguri tun 2009. A cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai 'ya'yan Maguzawa. Wane ne shahidi, wane ne ɗan haya, wane ne wanda aka zalunta?

Amsata ita ce, wannan hukunci ba a ba mu shi ba, rashin ba mu shi kuwa rahama ce. Buhari ya ƙulla babi guda a kan cewa kada a yanke wa wani mutum shahada da sunansa, domin Allah ne ya san wanda ya yi yaƙi saboda Shi. Muslim ya ruwaito cewa cikin mutum uku da za a fara yi wa hisabi akwai wanda aka kashe a fagen fama, amma niyyarsa a ce jarumi ne. An kuma hana mu zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Duk alamar da za ta ce “waɗannan su ne gwaraza, waɗancan su ne maciya amana” ta shiga hurumin da ba nata ba, ita ce kuma irin wadda take raya gaba, ta sa jikan Batukure ya harari jikan Bayusufe a kan abin da ya faru shekara 130 da suka wuce. Alamar da na ga ta dace da Musulmi aikinta biyu ne kawai: ta faɗi abin da ya faru a wurin da gaskiya, ta kuma sa mai wucewa ya ce Allah ya jiƙan Musulmin da ke ciki, kamar yadda Suratul Hashri ta siffanta na baya da nema wa na gaba gafara. Wanda ba Musulmi ba kuwa a ambaci sunansa a kiyaye masa mutuncinsa na ɗan Adam, gama Manzon Allah ya miƙe tsaye sa'ad da aka wuce da gawar Bayahude. Jayayyar da ke tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala a kan hubbare tana nan inda take, ba ni da niyyar raba ta a nan; abin da nake cewa shi ne ganuwa ba hubbare ba ce, kange maƙabarta kuma ba wanda ya ce shirka ne, don haka wannan aiki ne da za su iya ɗaukar kwando ɗaya a kansa.

Game da yadda za a yi gyaran, ina da ra'ayi mai ƙarfi, na kuwa san zai ɓata wa masu neman kwangila rai. Ganuwa da ƙasa aka gina ta, da ƙasa za a gyara ta. Magina sun san aikin: a kwaɓa jar ƙasa da ramno a bar ta ta ruɓa, a murza tubali a shanya, a cike inda ya zaizaye, a yaɓe, a bi da makuba ta kwasfar ɗorawa domin ruwa ya zame. Mu a Kura ma muna da wani fifiko, gama garin da ya yi suna da rini har rawanin ɗan Kura ya kai ƙasar Buzaye ba zai rasa sanin katsi ba, wanda ake kwasowa daga gindin karofi a ƙona, a haɗa da gashin jima da dafara a yi laso. Siminti kuwa in aka shafa shi a kan katangar ƙasa, kamar tsohon da aka sa wa rigar leda ne a cikin bazara: daga waje ya yi tsaf, a ciki gumi yana cinsa. Damshi yakan taru a bayan simintin ba hanyar fita, sai wata damina ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya ya jawo rabin katangar. Su kansu masu gyaran ginshiƙan Ingila sun koyi wannan darasi, suna hana a cike tsohon dutse da siminti ko a wanke shi da ruwa mai ƙarfi, ƙa'idarsu ita ce a taɓa kaɗan gwargwadon larura. Mun ga abin da ya sami badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, aka kuma sa ta cikin kayan tarihin ƙasa: doka tana nan a takarda, katanga tana ƙarewa, wasu ƙofofin an rushe su don faɗaɗa titi an sake su da kankare. Ƙofar kankare tana da kyan hoto, amma ba ita ce aka mutu a bakinta ba.

Wani zai ce ai ginin ƙasa wahala ne, kowace shekara sai an koma masa. Haka ne, ni kuwa a nan na ga falalarsa. Mutanen Jenne a ƙasar Mali, tun da aka sake gina babban masallacinsu a 1907, suna fitowa gayya su yaɓe shi, maza na hawa, mata na kawo ruwa, yara na tattaka ƙasa. Abin da aka yi da dutse ko tagulla yana iya tsayawa shekara ɗari bayan an manta dalilinsa, irin wannan ne kuwa yake zama gunki, kamar yadda ya sami mutanen Nuhu sa'ad da ilmi ya gushe alama ta saura. Katangar ƙasa ba ta iya rayuwa bayan ilminta. Ranar gayya dole yaro ya tambayi kakansa, “Kaka, don me muke yaɓe wannan, ga shi ba ɗaki ba ne ba rumbu ba?” Dole kuma tsohon ya ba shi labari. Ran da aka rasa mai ba da labarin, damina kaɗan sun isa su mai da ita gona, ba abin da zai saura da jahili zai yanka wa kaza.

Saboda haka ba na kiran a tsare ganuwa duka, gama gari yana girma, mai rai kuma yana da haƙƙin wurin kwana. A zaɓi yanki guda, musamman wajen tsohuwar ƙofa, dagaci da liman da masu unguwa su shata iyakarsa a gaban shaidu, a rubuta shi hubusi, a kai takardar ga hakimi da ƙaramar hukuma, domin kada wani ya wayi gari da takardar mallaka. A haƙa masa lambatu ya janye ruwan ban ruwa daga gindinsa. Tsohuwar maƙabarta a kewaye ta, ko da da aduruku ne ko cediya, in akwai kabarin da ruwa ya kama a yi yadda mutanen Madina suka yi. Kada a kafa mutum-mutumi, kada a ajiye furanni, kada a ƙaga wata ranar ibada. In za a yi rubutu, a yi shi a jikin allo a bakin ƙofa, nesa da kaburbura, da ajami da boko, a faɗi shekara da abin da ya faru da sunayen da aka tabbatar, ba kirari, ba kuma sunan mai girma wane da ya ba da gudummawa, domin ta wannan ƙofa ce riya take shigowa.

Sunayen su ne abin gaggawa, sun fi katangar ma. Mazan jiya na Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu suna nan, a wasu gidaje kuma har yanzu akwai lambar yaƙi da littafin sallama a ƙasan adaka. Na basasar 1967 da yawa suna da rai, suna zaune a bakin kasuwa ba mai tambayarsu. Malamin makarantar firamare ɗaya da almajiri ɗaya mai kyan rubutu sun isa su zaga unguwa-unguwa bayan an gama girbin alkama, su rubuta sunan kowane mutum da na ubansa da unguwarsu, da yaƙin da ya tafi, da ko ya komo ko bai komo ba, su kuma rarrabe abin da aka gani a takarda da abin da aka ji a baki, yadda masu hadisi suka koya mana. Littafi ɗaya ya zauna wurin liman, ɗaya a makaranta, a aika da na uku Gidan Ɗan Hausa a Kano, wurin hukumar tarihi da al'adu ta jiha, inda za a iya gwada shi da takardun da ke ma'ajiyar ƙasa ta Kaduna.